Rediyon Aji Huɗu

Shekara shida muka yi muna koyarwa a makaranta ɗaya da ita, ban taɓa kiran sunanta ba. Ɗiyata ce ta fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yaba shi gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ranar da aka yaye ta uwata ta goya ta ta tafi da ita Gurbin Bore. Can ta girma, tana ce wa uwata Inna, ni kuma tana ce mini Adda, kamar yadda ƙannena suke kirana. Da ta gama karatun malanta aka turo ta firamaren garinmu, tsakanin Shinkafi da Badarawa, inda nake koyar da Hausa da lissafi. Idan zan yi maganarta sai in ce malamar Turanci. Kowa ya san wa nake nufi, kowa kuma ya san dalili.

Ni Turancina kaɗan ne. Ina cika rajista, ina karanta takardar ofis idan ba ta yi tsawo ba. Iyakata ke nan.

Wata ƙungiya ce ta raba wa makarantun ƙauye rediyo. Baƙi ne, ana ajiye shi a rana ya yi caji, yana da ɗan rami a gefe inda ake sa memori. Ya zo da darussan Turanci a ciki, muryar wani namiji da wata mace masu saurin magana. Yaranmu da yawa Fillanci suke yi a gida, Hausa ma a makaranta suke ƙarasa koyonta. Idan muryar ta ce a maimaita, kafin yaro ya haɗiye yawu ta wuce gaba. Sai su zuba wa rediyon ido kawai. Bayan 'yan makonni hedimasta ya sa shi a kabad tare da alli, ya kulle.

Malamar Turanci ce ta fito da shi, lokacin da cikinta ya tsufa. Cikin fari ne bayan ta daɗe tana jira. Za ta tafi wurin Inna ta haihu, ta yi wanka a can, zangon karatu guda ba ta nan. Ba wani malamin Turanci a makarantar, domin biyun da ke zuwa daga Shinkafi sun daina saboda hanya. Ta ce wa hedimasta za ta bar wa aji huɗu muryarta. Ta cire darussan ƙungiyar daga memorin don ta sami wuri. Kullum idan an tashi makaranta sai ta tsaya a ajin ita kaɗai tana ɗaukar darasi a wayarta. Wayar ba ta da wuri sosai, saboda haka duk abin da ta ɗauka sai ta tura a memorin ta goge na wayar. Abin da ke cikin memorin nan babu shi a ko'ina kuma.

Wata rana da azahar na bi ta bayan ajin zan tafi gida, na hango ta ta taga. Tana tsaye gaban bencina, babu kowa a kansu, hannunta ɗaya a ƙugu, wayar a kan tebur. Ta yi magana, ta yi shiru, tana kallon benci na uku tana gyaɗa kai kamar wani yana ba ta amsa. Ta daɗe a haka. Da ta juyo ta gan ni sai ta tsayar da wayar.

"Adda, shigo mana. Ke za ki riƙa kunnawa fa."

"Ni ina ruwana da rediyonku."

"Maɓalli uku ne kawai. Ko Inna za ta iya."

"To a aika a kira Innar."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Na shiga. Ta nuna mini na kunnawa, da na tsayarwa, da na wucewa gaba. Ta kama yatsana ta ɗora a kai, na janye. Ta ce darasi arba'in za ta bari, kowanne da lambarsa.

"Kar ki tsallake, kar kuma ki leƙa na gaba. Na san halinki da son gama abu da wuri."

"Yarinya tana koya mini aiki."

"Malama dai, Adda. Dubi takarduna."

Ban san mun taɓa yin hira mai tsawon wannan ba, ni da ita.

Ta tafi wurin Inna, na fara kunna wa yara. Muna darasi na tara mai babur ya zo da hantsi, ya tsaya a bakin ofishin hedimasta bai kashe injin ba. Ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Na tafi ta Zurmi na isa Gurbin Bore an riga an kai ta. Inna ake yi wa gaisuwa, ita ce uwa a wurin kowa. Ni ina cikin masu kai ruwa da shimfiɗa tabarma. Ni ma na durƙusa na ce wa Inna Allah ya ba ta haƙuri. Ta kalle ni ta ce amin. Bayan sadakar bakwai na dawo.

Ranar Litinin na tarar yara sun riga sun fitar da rediyon rana, kamar yadda suka saba. Na jira ko hedimasta zai ce wani abu, bai ce ba. Na ɗauko shi da ɗuminsa na ajiye a kan tebur, na danna na goma.

"Good morning, class four."

Suka amsa a hankali.

"Ban ji na baya ba. Ba a dama kunu a gidanku ba yau?"

Wasu suka fara dariya, sai dariyar ta tsinke.

Haka take aikinta. Ta san ajin nan kamar ɗakinta. Ta san wa ke zama ina, wa ke gyangyaɗi, wa ke jin kunyar buɗe baki. Da take ɗaukar darussan sai ta zuba faɗanta a ciki tun da wuri. Ana cikin karatu za ka ji ta ce, "Ke ta bakin taga, awakin nan ba naki ba ne, juyo." Ka duba, ta bakin taga tana kallon awaki. Ko ta ce, "Mai tauna wuyan riga, ta ƙoshi haka nan." Tana da rai wannan abin dariya ne, yara suna cewa malama ta sa ido a rediyo. Bayan ta rasu maganganun ba su canja ba, amma ba wanda ya sake faɗin haka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun da take bari. Idan ta faɗi jimla sai ta ba yara lokaci mai tsawo, har wanda ya fi kowa nauyin baki ya gama. A cikin shirun nan ana jin ajin da ta ɗauka a ciki, aji marar kowa. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda zafi. Kurciya daga nesa. Da numfashinta. Muna yin gaba numfashin yana ƙara nauyi, domin cikin yana ƙara tsufa lokacin da take ɗauka. Daga na goma sha biyar na fara jin ƙarar benci idan ta zauna, sai in ga yaran benci na farko sun ɗan matsa gefe.

Da damina ta kama aka rufe makarantar mako uku, saboda mutanen da suka gudo daga ƙauyuka an sauke su a azuzuwa. Da aka buɗe muka ci gaba daga inda muka tsaya. Wata safiya, gari ya yi haske, muna tsakiyar sunayen kayan ɗaki, sai ta katse ta ce, "Adda, rufe tagar gabas, feshi zai jiƙa musu littattafai." Na leƙa, babu komai sai wani ɗan baƙin gajimare can ƙasa. Ban rufe ba. Ba mu kai ƙarshen darasin ba iska ta taso, ruwa ya shigo ta tagar nan ya jiƙa littattafan layi guda. Da bazara ta ɗauki darasin, ana tsakiyar zafi. Na gaya wa kaina lissafi ta yi, ta ƙirga makonni ta san zai faɗo cikin damina. Amma mako ukun da aka rufe ba sa cikin lissafinta. Sai na sake gaya wa kaina cewa da damina ai kowace rana ranar ruwa ce, kuma ruwa daga gabas yake zuwa tun da aka halicci duniya. Na shanya littattafan a baranda ban yi wa kowa maganar ba. Yaran ne suka kai ta gida.

Bayan kwana kaɗan wani mutum daga wajen Galadi ya kawo ɗiyarsa, ya bar ta a bakin ƙofa ya tafi. Ta ƙi shigowa, ta riƙe ƙyaure. Na ce a bar ta, za ta gaji. Na kunna rediyo. Bayan gaisuwa muryar ta ce, "Wa ke tsaye a ƙofa? Shigo, ba a duka a ajin ga. A matsa a benci na biyu, akwai wuri." Akwai wuri a benci na biyu, domin mai zama a nan iyayenta sun koma Kaura Namoda da ita makon da ya wuce. Yarinyar ta saki ƙyauren ta je ta zauna. Ita ba ta san komai ba, ta ɗauka malamar tana wani gari tana magana. Sauran suka sunkuyar da kai. A shekarar nan kusan kowane mako ana kawo baƙin yara, kuma kullum akwai mai makara da ke laɓe a ƙofa. Wannan ma na gaya wa kaina.

Ni ma ba ta bar ni ba. A na ashirin da shida ta faɗi jimla, yara suka maimaita, sai ta ce, "Adda, ke ma faɗa. Na san kina jingine da allo kin naɗe hannu." Ina jingine da allo, hannuna a naɗe. Ta yi shiru tana jira, irin dogon shirun nan, ana jin numfashinta. Idanu sun fi arba'in a kaina. Na ce, "The water is in the pot." Ta ce, "Yauwa. Very good, Adda." Ko ɗaya bai yi murmushi ba.

Amma suna koyo. Wannan ba zan ɓoye ba. Yaran da a da ba sa iya haɗa kalma biyu sun fara tambayar juna da Turanci a bakin rijiya, suna yi da karin muryarta. Baƙuwar Galadi, wadda ko Hausa ba ta iya sosai ba, kafin wata guda tana karanta abin da na kwafa a allo. Ni kuma kullum da safe ina da minti talatin da zan tsaya in saurare ta gaban mutane ba wanda zai ce na yi rashin kunya, tun da aiki ne aka ba ni.

Sai wata yarinya ta ƙi zuwa makaranta, ta ce malama tana kallonta. Wani yaro ya yi zazzaɓi yana ta amsa tambayoyi da Turanci, idonsa a kan bango. Uwarsa ta cire shi da ƙannensa biyu. Wasu suka bi. Hedimasta ya kira iyaye taro ranar Alhamis bayan la'asar, ƙarƙashin bediyar makaranta, maza a gaba, mata a baya.

Liman ya fara. Ya ce shi bai ga haramci ba, ai ana sauraron wa'azin malamai da suka daɗe da rasuwa, kuma ilmin da mutum ya bari ana amfani da shi lada ne gare shi a kabari.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah gafarta malam, mai wa'azin ya taɓa ce maka ka cire yatsa daga hanci, ka duba ka ga yatsan yana ciki?"

Aka yi dariya, har liman. Wani mahauci ya ce shi a ba shi rediyon ya kai gida, ko ya gaya mishi wa ke ɗebe mishi kilishi. Uwar yaron mai zazzaɓi ba ta yi dariya ba.

"Ku kuna wasa. Ɗana kwana uku yana gaida wadda ke ƙasa. A bar baiwar Allah ta huta, a bar ɗiyanmu su huta."

Mutumin Galadi ya miƙe ya ce shi baƙo ne, bai kamata ya sa baki ba, amma ɗiyarsa tun da suka baro gida ba ta yi magana da kowa ba sai da rediyon nan. Aka yi ta ja. Rabi nan, rabi can. Daga ƙarshe hedimasta, dattijo ne, abokin marigayi maigidana, ya juyo wajen mata.

"Malama, ke ke kunnawa kullum. Mi kika gani?"

Kowa ya juyo wajena. Na san idan na ce a bari, an bari, ba wanda zai ja da ni a kan wannan. Su ma sun sani. Goggona tana zaune kusa da ni, gwiwarta tana taɓa tawa, matan dangin maigidana suna bayana. Shekara talatin ban taɓa buɗe baki gaban mutane na nemi wani abu saboda yarinyar nan ba. Na nemi hanyar da zan faɗa ba tare da na faɗa ba, ban samu ba.

Na ce, "Ni ba ni da ta cewa. Kayan makaranta ne."

Goggo ta ɗan matsa gwiwata, irin ta yabo. Aka yanke a mayar da darussan ƙungiya. Muna na talatin da ɗaya. Tara suka rage ban ji ba.

Darussan ƙungiyar suna wurin wani mai shagon kwamfuta a Kaura Namoda, shi ya zuba su tun farko. Da safe hedimasta ya kira ni ofis, ya naɗe memorin a 'yar takarda ya miƙo mini.

"Ke za ki kai. Abu ne ƙarami, Malama, ƙwayar gujiya ta fi shi. Hanyar Kaura kuma duk ramu ce. In ya faɗi wani wuri ba wanda zan tuhuma, sai in nemo wani."

"Ba zai faɗi ba, ranka ya daɗe."

"Na dai gaya miki."

Na ƙulle shi a bakin mayafina. A mota, duk inda aka tsayar da mu a shinge sai in taɓa ƙullin. Na gane abin da hedimasta yake nufi, amma ban iya ƙarya ba, kuma in na ɓoye shi a gida ba ni da abin da zan saurara da shi. Sai na shirya wata dabara. Zan ce wa mai shagon ya kwafe mini a wayata kafin ya goge. A Kaura ba wanda ya san ni. Tun daga Shinkafi nake jera kalmomin a zuciyata, har na haddace.

Shagon yana kusa da tsohuwar tashar jirgi. Janareta yana ruri, mutane sun cika benci, masu son a tura musu karatu a waya, masu son a buga musu takarda. Mai shagon magidanci ne mai tabarau, hannunsa ba ya tsayawa. Na ba shi takardar hedimasta da memorin. Ya sa a kwamfuta.

"Arba'in ne a ciki. Mene ne, wa'azi?"

Bai jira amsa ba ya danna na ƙarshe. Muryar ta fito ta manyan lasifikokinsa, ta cika shagon. Ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Numfashi ya fara zuwa, mai nauyi, sau biyu.

"Adda. Wannan shi ne na ƙarshe. Kar ki kunna shi gaban yara tukuna. Fitar da su su yi wasa, ki rufe ƙofa, ina so in…"

Ya tsayar. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Hajiya, wannan ai muryarki ce sak. Ɗiyarki ce? In kwafe miki a waya kafin in goge?"

Abin da na haddace bai zo ba. Bakina ya amsa da abin da ya saba.

"Wata malama ce a makarantarmu. Kar ka wahalar da kanka."

A wurinmu idan aka yi maka tayi, ƙi ake fara yi. Mai tayin ya sake, ka sake ƙi. A na uku ka sunkuyar da kai ka karɓa, kowa ya fita da mutuncinsa. Na sunkuyar da kai ina jiran na biyu.

Ya ce, "To."

Na ɗago na ga wani koren layi yana tafiya a fuskar kwamfutar daga hagu zuwa dama. Bai kai lokacin shan moɗa ɗaya na ruwa ba. Yana yi yana amsa wa wani mai tambayar takardar jarrabawa. Ya zuba sababbin, ya zare memorin, ya naɗe mini a takardar da na kawo shi a ciki.

Na ce, "In mutum ya so a dawo da na farkon fa?"

"Ai na riga na zuba wasu a kansu, Hajiya. Da kin faɗa. Na gaba!"

Washegari na ajiye takardar a kan teburin hedimasta. Ya buɗe ya gani.

"Bai faɗi ba."

"Bai faɗi ba."

"Bai ce zai kwafe miki ba?"

"Ya ce."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar. Yaran da aka cire suka dawo. Namijin nan da macen nan suka ci gaba da saurinsu, ni ina tsayar da su bayan kowace jimla in ba yara lokaci, iyakar abin da na iya.

Da aka yi hutu na je Gurbin Bore gaida Inna. Na same ta a inuwar rumbu tana tsince wake, idonta ya rage gani, da yatsu take yi. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gero. Na zauna na ja faifan gabana ina taya ta.

Can ta ce, "Ana gobe naƙuda za ta kama ta, ta ce mini ta bar miki magana a rediyon nan naku. Ta ce abin da ba ta iya faɗa miki ido da ido. Na ce ta gaya mini, ta ce ba tawa ba ce. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"Mi ta ce?"

Na ɗauki wani wake mai huda na jefa wa kaji.

"Maganar yara ce. Yadda za a yi musu jarrabawa."

Inna ta tsaya da tsincewa, ta juyo da fuskarta wajena. Sai ta ce, "Yarinyar nan da son aiki," ta miƙo hannu ta ja faifan wajenta.